Yadda Ake Sa wa Ƙaramin Jirgin Sama Rigar Yadi

Jiragen da suka fara sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, da katako aka yi mafi yawan jikinsu, aka lulluɓe da yadi. Guda uku ne, ƙirar DH.9A, na sojan saman Ingila, sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Jirgin 'yan'uwan nan Wright na 1903 ma da farin yadin auduga aka rufe fuka-fukansa, irin wanda zai fi kusa da akoko a wurinmu, ko fenti ba su shafa masa ba. Har a Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Hurricane da ake haɗawa a Takoradi su ratso ta Kano zuwa Masar, rabin gangar jikinsu na baya yadi ne. Saboda haka yaron da ya haɗa ƙwarangwal ɗin jirgi da kara da gora a Wudil, ya tsaya yana neman ƙyallen da zai rufe shi, yana kan hanyar da masu sana'ar suka bi tun farko.

A Wudil masu wannan sha'awa iri biyu ne. Akwai ɗaliban injiniya na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda aka buɗe a 2001 aka kuma sauya mata suna a 2022, masu haɗa jirgi mai batir da rimot don aikin kammala karatu. Akwai kuma samarin gari da suka taso daga motar kara da ta langa-langa, hannunsu ya faɗa, suka koma jirgi. Duka biyun matsalarsu ɗaya ce idan an zo rufi: babu shagon kayan ƙananan jirage a kusa, abin da suke gani a bidiyo kuwa sai an yi odarsa daga waje da dala. Wannan jagora ta wanda zai yi aiki da abin da Kantin Kwari da shagon fenti za su iya ba shi ce.

Da farko sai a san me ya sa yadi, tunda akwai leda mai manne kanta da zafi, irin su MonoKote, wadda ta fi saurin aiki. Amsar tana ƙasar da jirgin zai sauka. Filin da ake samu a gefen gari gona ce bayan girbi, cike da tushiyar dawa da gero, ga tsidau ga ƙaya. Leda idan ta huje sai ta tsage ta yi ta tafiya. Yadi idan ya huje, zaren da ke kewaye da ramin yakan tsayar da ɓarnar, a manna ɗan faci a ci gaba. Ledar kuma takan saki ta yi tamoji a zafin bazara. Sannan yadin da ya ɗaure sosai yana ƙara wa fiffike ƙarfi, ya hana shi murɗewa a iska, abin da ake bukata ƙwarai idan an yi firam da gwangwala ko karan dawa maimakon katakon balsa da ake kawowa daga Ekwado. Abin da yadi ya gaza a kai shi ne nauyi, kuma a nan ne yawancin jirage suke mutuwa tun ba su tashi ba.

Mai zuwa sayen yadin jirgi ya bar idonsa a gida, ya tafi da sikeli. Kyan launi da santsi ba su da amfani a nan. Ana auna yadin rufi da giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya. Takardar Japan ta rufin ƙananan jirage wajen giram 12 ce. Siliki marar nauyi da ake amfani da shi a wannan aiki wajen giram 22. Koverall, wani yadin foliyesta na kamfanin Sig da ke Amurka, wajen giram 42. Yaduka masu zuwa da gam da launinsu, irin su Oratex na Jamus, sukan kai giram 90 zuwa 100, amma su ba sa bukatar a ƙara shafa musu komai. Atamfa ta haura giram 100 tun kafin ta sha fenti, shadda kuwa ba a ma maganarta.

Ga lissafin a aikace. Fiffike mai tsawon mita 1.2 da faɗin santimita 20, sama da ƙasa, yana cin kusan rabin murabba'in mita. Da yadi mai giram 40, rufinsa giram 20 ne. Da atamfa sai ya haura 50, kuma da yake tana da kauri za ta sha ruwan shafi ninkin abin da siririn yadi zai sha. A haɗa da gangar jiki da jela, sai a ga an ɗora wa jirgin kaya daidai da ƙarin batir, ba tare da ƙarin wuta ba. Ra'ayina shi ne, jirgin da fiffikensa bai kai mita ɗaya ba kada a sa masa yadin da ya wuce giram 30. Daga mita ɗaya zuwa biyu, giram 40 zuwa 50 ya yi. Wanda ya wuce haka sai babban jirgi mai inji.

Hanyar aunawa mai sauƙi ce. Ka yanki ƙyalle mai santimita 20 a faɗi da 50 a tsawo, wato kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita. Ka ɗora a ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal ko na ɗakin gwaje-gwaje, abin da ya nuna ka ninka sau goma. Idan ya nuna giram 4, yadinka mai 40 ne. Don haka kada ka sayi yadi biyar a zuwan farko. Ka sayi rabin yadi na kala uku ko huɗu, ko ka roƙi tela ragowar ƙyallaye, ka gwada a gida.

Abin da za ka nema a layin masu kayan ɗinki shi ne siririn yadin shafi da teloli ke sa wa riga ta ciki, da shifon na gyale, da siririn boyel. Ka ɗaga shi ga haske. Saƙar ta zama miƙaƙƙiya, zare ɗaya bisa ɗaya, ramukanta ƙanana kuma daidai. Duk abin da yake miƙewa kamar roba idan an ja shi, ka ajiye, domin ba zai taɓa ɗaurewa ba. Mai ramuka manya irin organza zai wahalar da kai wajen toshewa, ruwan shafi ya riƙa zubewa ciki. Yadin lema yana jan hankalin mutane saboda iska ba ta ratsa shi, amma an riga an shafe shi da abin da ke korar ruwa, kuma wannan abin yana korar gam ma.

Mai shago zai ce maka siliki ne, kuma wataƙila shi ma haka aka gaya masa. Ashana ce za ta raba gardama. Ka zare 'yan zarurruka ka kusantar da su ga wuta, a waje, nesa da kayan fenti. Auduga takan ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Siliki na gaske yakan yi ƙaurin gashi, ya bar ɗan dunƙule da ke murƙushewa a yatsa. Foliyesta yakan ja baya daga wutar, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar ƙwallo mai tauri. Lailon ma narkewa yake, sai dai hayaƙinsa bai kai wancan baƙi ba. Sanin wannan dole ne, domin kowanne da hanyar da ake ɗaure shi. Auduga da siliki da ruwa suke tsukewa: a jiƙa su, idan sun bushe sai su ja. Foliyesta da zafi yake tsukewa, ruwa ba ya yi masa komai. Lailon kuwa yana shan laima, ya ɗaure da rani ya saki da damina, shi ya sa ba na ba da shawararsa.

Foliyesta ya fi dacewa da mu, saboda arha da ƙarfi da rashin damuwa da ruwa, amma akwai tarko a cikinsa. Wanda ake yi don jirage ana barinsa ɗanye ne, yadda zai iya tsukewa da kusan kashi goma cikin ɗari idan ya ji zafi. Na tufafi kuwa an riga an gasa shi a masana'anta don kada riga ta motse a hannun mai guga. Wani shafin zai ja kaɗan, wani ko motsi ba zai yi ba, kuma a ido duk ɗaya suke. Ka zana murabba'i mai santimita 20 a kan ƙyallen da biro, ka goge shi da dutsen guga, ka sake aunawa tsaye da kwance. Idan ya koma 19 da rabi ko ƙasa da haka, ka samu abin aiki. Idan bai motsa ba, zai iya yin amfani a jikin da aka rufe da katako ko kwali, amma a buɗaɗɗen fiffike sai dai ka ja shi da hannu, kuma da wuya ya yi kyau. Idan ka dace da mai ja, ka koma ka saya daga wannan bandir ɗin, kada ka yarda da "irinsa ne".

Dutsen guga na lantarki ake bukata, mai maɓallin rage zafi. Ɗigo ɗaya a maɓallin yana nufin kusan digiri 110, biyu 150, uku 200. Aikinmu tsakanin ɗigo ɗaya da biyu yake. Masu rufe manyan jirage suna farawa a wajen digiri 120 su ƙare a 175, kuma sun san idan aka wuce 190 zaren yakan saki har abada, gaba kaɗan kuma ya narke. Dutsen gawayi ba ya cikin lissafi. Ba ka san zafinsa ba, ga tartsatsi kusa da tina, ruwan tsinka fenti. Idan babu wuta, a jira ta, ko a kai aikin shagon da ke da janareta.

Sai abin mannawa da abin shafawa. A ƙasashen da wannan sana'a ta kafu suna amfani da dof, wani ruwa marar launi da ake yi da selulos, wanda yake manna yadi, ya toshe saƙarsa, ya kuma ja shi idan yana bushewa. Iri biyu ne. Na naitiret ya fi kama yadi amma yana cin wuta kamar fetur. Na butiret ya fi jure man ƙananan injina. Ana shafa butiret a kan naitiret, ba a yin akasin haka. A Kano abin da ya fi kusa da dof shi ne kiliya ta selulos da kafintoci ke fesa wa kujeru, wadda ake tsinka ta da tina. Ba ta jan yadi kamar dof na gaske, amma a kan foliyesta wannan ba matsala ba ce tunda guga ce mai jan. Ka tambaya da kyau, kada a ba ka kiliyar mota mai zuwa da hadina. Waccan tana da nauyi, tana tsagewa a kan abin da ke lanƙwasa, tururinta kuma yana illa ga huhu.

Hanya ta biyu, wadda na fi so wa mai koyo, ita ce ta farin gam na kafinta, irin su Top Bond. Ana tsinka shi da ruwa kaɗan, a shafa a gefunan firam, a bari ya bushe har ya daina kama yatsa. Idan aka ɗora yadi aka danna da guga, zafin yakan tausasa gam ɗin ya kama. Babu wari, babu haɗarin wuta, kuma idan ka sa yadin a karkace za ka iya dumama wurin ka ɗaga ka gyara. Ita ce kuma kaɗai hanyar da za a bi idan akwai fom a jikin jirgin, domin tina na narkar da fom nan take. Gam ɗin masu gyaran takalmi yana kamawa da ƙarfi, amma yana da nauyi, yana yin gudaji a ƙarƙashin yadi, kuma ba ya ba ka damar gyara. Sufa gulu kuwa yana sa yadi ya yi tauri ya karye a wurin.

Kafin yadi ya taɓa jirgi, a gama da firam. Yadi ba ya rufa asirin mugun aiki, tona shi yake yi: duk ɗigon gam da ya bushe, duk haƙarƙarin da ya fi ɗan'uwansa tsawo, zai fito fili da zarar rufin ya ja. Ka manna samfefa mai laushi a kan miƙaƙƙen katako mai ɗan tsawo, ka bi fiffiken da shi daga gaba zuwa baya har haƙarƙarin su daidaita. Ka kashe duk wani kaifi da zai iya yanka zare. Ka huda ƙaramin rami a kowane haƙarƙari don iska ta riƙa wucewa, in ba haka ba fiffiken da aka rufe ruf zai kumbura a rana. Sannan ka riƙe fiffiken a hannu biyu ka ɗan murɗa. Idan ya bi hannunka cikin sauƙi, yadi ma zai murɗa shi. Ka ƙara masa 'yan sanduna a gicciye tsakanin haƙarƙari tun yanzu. Firam na kara da gwangwala sun fi bukatar wannan, musamman bakin baya na fiffike, wanda shi ne siriri kuma shi yadi ke fara lanƙwasawa. A can gara a sa tsagin gora.

Duk wayoyi da igiyoyin sarrafawa da ke bi ta cikin fiffike a sa su kafin rufi. Wannan a bayyane yake, amma ana mantawa.

Ka goge yadin da ɗan zafi kaɗan don cire karin ninki. Idan auduga ce ko siliki, ka wanke don fitar da sitaci. Wajen yanka, zaren tsaye, wato wanda yake bin bakin yadi, shi zai bi tsawon fiffike daga gindi zuwa ƙarshe. Idan aka juya shi, yadin yakan lotsa sosai tsakanin haƙarƙari, siffar fiffiken ta lalace. Ka bar rarar santimita uku zuwa biyar a kowane gefe don ka sami abin kamawa. Fiffike ana rufe shi da ƙyalle huɗu: ƙasa hagu da dama, sama hagu da dama. Ana fara ƙasa, don bakin na sama ya zo ya rufe na ƙasa, haɗin ya ɓoye a ciki inda iska ba za ta ɓamɓare shi ba.

Ka shafa gam ko kiliya a kewayen firam sau biyu, kana bari ya bushe, kana ɗan goge shi da samfefa tsakani. Ka shimfiɗa ƙyallen, ka daidaita zarensa da sandar fiffike. Ka manna ɗigo ɗaya a tsakiyar gindi, ka ja a hankali zuwa ƙarshen fiffike ka manna can. Sannan tsakiyar bakin gaba da tsakiyar bakin baya. Daga nan sai kusurwoyi, sannan ka riƙa cike tsakani, kana aiki daga tsakiya zuwa waje, gaba da baya bi da bi. Abin da kake nema a wannan mataki shi ne yadi ya kwanta babu tamoji, ba wai ya ɗaure ba. Idan da kiliya kake aiki, ka ɗiga tina a kan yadin ka murza da yatsa, za ta ratsa ta narkar da wadda ke ƙasa ta kama. A ƙarshen fiffike inda yake da lanƙwasa, ka tsattsaga rarar da almakashi kamar haƙoran zarto, ka manna su ɗaya bayan ɗaya, kana dumama kana ja. Idan ƙasan fiffikenka mai lotsawa ciki ne, dole ka manna yadin a kan kowane haƙarƙari kafin a ja, in ba haka ba zai miƙe ya bar su.

Idan kewaye ya kama, ka yanke rarar da sabuwar reza, ka bar kamar milimita biyar ka naɗe ta a bayan baki. Reza takan dushe da wuri a kan foliyesta, kuma dusasshiya tana jan zare, don haka ka tanadi da yawa. Ƙyallen sama ya hau kan na ƙasa da aƙalla rabin santimita.

Yanzu aka zo inda ake ɓata aiki. Kada ka ja gefe ɗaya har sai an rufe duka biyun. Ka sa guga a ɗigo ɗaya, ka bi saman yadin a hankali ba tare da dannawa ba, ramin haƙarƙari ɗaya a sama, ka juya ka yi takwaransa a ƙasa, hagu sannan dama. Ka guji gefunan da aka manna, musamman idan farin gam ne, domin zafin da ya kama shi zai iya sakinsa yayin da yadin ke ja. Idan ka gama zagaye ɗaya, ka ɗaga fiffiken ka hango shi daga baya, ido ɗaya a rufe, ka ga ko bakin baya yana nan a miƙe. Sannan ka ƙara zafi kaɗan ka sake zagayawa. Ka tsaya da zarar tamoji ya ɓace, yadin kuma yana ɗan amsawa idan ka ƙwanƙwasa da farce. Masu koyo sukan so ya yi ƙara kamar fatar kalangu, amma kalangu itacensa mai kauri ne, firam ɗinka kuwa kara ne. Yadin da ya fi ƙarfin firam zai lanƙwasa haƙarƙari, ya ja bakin baya ciki, ya murɗe fiffike, kuma jirgi mai murɗaɗɗen fiffike ba ya tafiya miƙe ko da wane irin rimot aka riƙe shi. Gara rufin da ya ɗan yi sanyi a kan miƙaƙƙen fiffike.

Idan auduga ko siliki ka yi amfani da shi, maimakon guga sai ka fesa ruwa da abin feshi, sama da ƙasa lokaci ɗaya, ka danne fiffiken a kan miƙaƙƙen allo da 'yan katakai a ƙarƙashinsa don iska ta shiga, ka bar shi ya bushe a inuwa. Wasu ma a jiƙe suke manna siliki tun farko. Kada a kai shi rana don sauri.

Idan an sami murɗa, ana iya gyara ta: mutum ɗaya ya riƙe fiffiken ya murɗa shi kaɗan ya wuce daidai ta ɗaya ɓangaren, ɗayan ya bi tamojin da ya fito da guga, a riƙe har ya huce. Da wannan dabara ce ma ake sa ƙarshen fiffike biyu su ɗan ɗaga bakinsu na baya da gangan, daidai wa daida, abin da ke hana jirgi kifewa gefe idan gudunsa ya ragu wajen sauka.

Yadin da aka ja har yanzu iska na ratsa shi, sai an toshe saƙar. Ka tsinka kiliya da tina rabi da rabi. Ka ɗebo kaɗan a buroshi mai laushi, ka shafa da sauri, kada ka koma kan inda ka wuce. Shafin farko shi ne mai wuya. Foliyesta ba ya shan komai, don haka dole ruwan ya ratsa ya rungume zaren ta baya kafin ya riƙe, amma idan ya yi yawa sai ya taru ya ɗiga ta ciki, ya bar tabon da ba ya gyaruwa. Riƙe fiffiken a tsaye yana taimakawa. Ka bar shi ya bushe sosai a danne a kan allo, ka sake. Shafi uku zuwa huɗu sirara sukan isa. Ka ɗaga ga haske: idan ba ka ganin ƙananan ramuka, ko ka sa baki ka hura iska ba ta wuce ba, an gama. Wanda ke gudun tina zai iya amfani da banish mai tsinkuwa da ruwa, ko farin gam da aka tsinka sosai, sai dai gam yakan yi laushi idan ya sha raɓa, kuma duka biyun ba sa jure man inji. Ka riƙa auna fiffiken bayan kowane shafi kana rubutawa, za ka ga da idonka inda nauyi ke shigowa.

Yanayi yana da hannu a wannan mataki. Da damina, ko da sassafe a unguwannin da ke kusa da kogi, kiliya takan yi fari-fari kamar an shafa madara. Dalili shi ne tina na tashi da sauri ta sanyaya wurin, laimar iska ta sauka a kai ta maƙale. Maganinsa a jira hantsi, idan kuma ya riga ya faru a bi wurin da tina zalla a buroshi. Da hunturu babu wannan matsala, amma ƙura za ta manne a jiƙaƙƙen shafi, don haka a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin a fara. Da bazara kuwa ruwan yakan bushe a bakin buroshi, sai a ƙara tina a yi aiki da safe. A kowane lokaci, a yi shafin a rumfa ko zaure mai iska, nesa da murhu da janareta da mai shan taba, kuma kada a bar yara su zauna a wurin.

Fenti shi ne abu mafi nauyi a duk rufin, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi yadin a launin da kake so ka bar shi da kiliya kawai. Ado kuma a yanko shi daga wani ƙyalle mai launi a manna. Hasken rana yana cin foliyesta da siliki a hankali, shi ya sa manyan jirage masu yadi ake yi musu shafin azurfa mai garin alminiyom kafin launi. Ƙaramin jirgin da ke kwana a ɗaki bai bukaci wannan ba, amma saman fiffike ya zama fari ko rawaya, domin baƙi da shuɗi mai duhu suna ɗaukar zafin da zai tausasa gam. Ƙasan kuma a sa masa launi mai duhu, don idan yana sama ka san ko a kife yake. Kada a ajiye shi a cikin mota a rufe, ko a rataye shi dab da kwanon rufi.

Bayan rufi ka sake duba daidaiton nauyi, domin yadi da shafi sun fi taruwa a bayan jirgi. Ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗinsa daga bakin gaba. Hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Idan jela ce ta yi ƙasa, ka matsar da batir gaba kafin ka yi tunanin ƙara dalma. Da yake jela ta fi hanci nisa daga wurin daidaito, giram ɗaya a can yakan ci biyu ko uku a gaba, shi ya sa ake rufe jela da yadi mafi siriri, a kuma rage mata shafi ɗaya.

Ragowar yadin kada a zubar. Idan ƙaya ta huda rufi, ka yanki faci mai zagaye wanda ya fi ramin da santimita ɗaya ta kowane gefe, ka goge wurin da tina kaɗan, ka manna, ka ɗan taɓa tsakiyarsa da guga, ka shafe sau biyu. Idan tsagar doguwa ce, ka yanke dukan yadin da ke tsakanin haƙarƙari biyu ka sa sabo. Wajen gwaji kuma a nemi fili nesa da Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil da babbar hanyar Maiduguri da wayoyin lantarki, kuma ranar Juma'a a kauce wa kewayen kara, wato kasuwar dabbobi, inda shanu da mutane suke cika. Mai babban jirgi ko mai ɗauke da kyamara ya nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, kafin ya tashe shi.